Diron a bakin dam: izinin wa ake nema?

Nura Mai Kyamara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina roƙon duk wanda ya san doka ya daure ya karanta har ƙarshe, don tun ranar Asabar ban samu natsuwa ba.

Wasu manoman rani suka ɗauke ni aiki, masu lambun albasa da tattasai a wani ƙauye da ke bakin Dam ɗin Zobe, wajen Dutsin-ma. Tallafin injin ban ruwa suke nema, aka ce su haɗa da bidiyon da zai nuna girman filin da nisansa da ruwa. Na ɗauki ƙaramin diron ɗina, wato jirgi mara matuƙi mai kyamara, samfurin DJI Mini, na bi su. Mun isa wajen ƙarfe takwas na safe, na tsaya a bakin wani lambu na tashe shi. Minti uku na farko lafiya lau. Da na karkata shi wajen ruwa don in ɗauko inda za a kafa injin, ashe akwai mata a wata 'yar kwana suna wanki, ciyawa ta kare su, daga inda nake tsaye ba a hango su. A fuskar wayata na gan su. Ɗaya ta ɗaga kai, ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta suri yaro ta ruga. Sauran suka rufa mata baya. Wata tsohuwa ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, zannuwan da suke wankewa suna ta tafiya bisa ruwa. Har inda nake ina jiyo salati.

Kafin in sauke shi matasa sun kewaye ni. Ba wanda ya taɓa ni, Allah ya sa manoman na wurin, amma an karɓe diron da rimot an kai gidan mai unguwa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, yaro, wa ya ba ka izini? Na ce masu lambun. Ya ce masu lambun lambunsu suka mallaka, ruwan da saman fa? Na rasa ta cewa. Har yanzu kayana na hannunsa, ya ce in dawo da babbana.

To ga tambayata. Wanda ya sayar mani ya ce tunda bai kai giram 250 ba, ba ya buƙatar takarda. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, wa ke ba da izinin tashin diron a bakin dam?

Baban Ummi: Subhanallah. Allah ya kiyaye gaba, Nura. Ka gode ma Allah da ka dawo gida da ƙafarka, wajen nan ba wajen wasa ba ne yanzu.

Barista Aminu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mai shagon ya faɗa maka rabin magana. Wannan giram 250 ɗin iyaka ce da Amurka da ƙasashen Turai suka sa a dokokinsu, shi ya sa kamfanin ya ƙera shi giram 249, don ya shige ƙarƙashinta. Amma ko a Amurka, sassaucin na mai wasa da shi ne don nishaɗi. Kai kuma biyanka aka yi.

A nan gida, tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta yi sanarwa cewa babu wata hukumar gwamnati, ko ƙungiya, ko mutum da zai tashi jirgi mara matuƙi a sararin samaniyar Najeriya sai da izininta da kuma na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka ga izini biyu ke nan. Shigo da shi ƙasa ma sai da takardar wancan ofishin na tsaro, wadda ke nuna wanda zai yi amfani da kayan da abin da zai yi da su. Daga baya kundin ƙa'idojin NCAA na 2023 ya ware ma waɗannan jirage kashi guda, na 21. Ko kana da takarda kuma akwai sharuɗɗa: kada ka wuce ƙafa 400, wato wajen mita 120, kada ya ɓace ma ganinka, kada ka bi ta kan taron jama'a, ka nisanci filin jirgi da wuraren sojoji. Ga mu nan cikin birnin Katsina, filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na nan kusa, jiragen sojan sama na tashi suna sauka.

Batun dam kuwa, babu wata doka daban don kawai ƙasan ruwa ne. Sai dai dam yana da mai shi. Zobe, wanda aka gama a 1983 bisa kogin Karaduwa, yana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, haka ma na Jibiya da ke bisa kogin Gada. Na Ajiwa kuma shi ne ruwan da birnin Katsina ke sha. Irin waɗannan wurare ba a ɗaukar hotonsu daga sama ba tare da sanin masu kula da su ba.

Nura Mai Kyamara: Na gode Yaya Barista. Ke nan ko mai unguwa ya yarda, ban tsira ba?

Barista Aminu: A doka ba ka tsira ba. Tsarin mulki ya sa harkar jiragen sama cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi ma doka. Gwamna ma ba shi da ikon ba ka wannan izinin, balle hakimi ko mai unguwa.

Sadik Ƙofar Ƙaura: Ku yi haƙuri manya, ni wannan magana na ci mani rai. Wane biki ake yi a garin nan yanzu ba diron? Kamu, ɗaurin aure, saukar karatu, hawan salla, duk sama cike take. Cikin mu nan su nawa ke da takardar Abuja? A ɗaga hannu. Yaro ya yi shekara biyu yana tara kuɗin gyaran bidiyo ya sayi na hannu, sai a ce ya yi rajistar kamfani, ya jira binciken tsaro, ya yi ta safa da marwa zuwa Abuja. Kuɗin motar kaɗai sai ya cinye jarin. Shi kuwa ɗan bindigar da ake tsoro, takarda zai je nema? Mu masu neman halak mu kaɗai dokar ke kamawa. Nura bai yi laifin komai ba, aikin alheri ya je yi ma talakawa.

Alhaji Ɗanbaga: Sadik ɗana, bari in ba ka labarin inda wannan tsananin ya samo asali, don na yi shekara goma sha ɗaya ina fataucin bandar kifi daga Doron Baga kafin rikici ya kore mu.

Tafkin Chadi ba irin dam ɗinmu ba ne da za ka tsaya a wannan gaɓa ka hango waccan. Ƙasa huɗu ke kewaye da shi, mu da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma tun 1964 suka kafa hukumar kula da shi a Njamena. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Fari ya zo, ruwan ya janye ƙwarai, sai ya bar tsibirai birjik, waɗanda can ake kira tumbu, da hanyoyin ruwa ƙanana cikin ciyayin da suka fi mutum tsawo. Ruwan daɗi ne, mun sha, mun yi alwala da shi, yawancinsa kogin Shari ke kawo shi daga kudu. Kana cikin kwale-kwale ba ka ganin abin da ke taku ashirin gabanka. In ba ɗan gari ke jan ka ba, sai ka wuni kana zagaya tumbu guda. A irin wannan wuri, duk wanda ke da ido a sama shi ke da tafkin.

Da farko 'yan ta'addan leƙen asiri suke yi da irin wannan na kasuwa, wanda kuke ɗaukar biki da shi. Daga baya suka koyi ɗaura masa abin fashewa. A ƙarshen Disambar 2024 suka kai ma sansanin soja hari da shi a Wajiroko, cikin Damboa. A Janairun 2025 rundunar soja ta Haɗin Kai ta hana tashin diron a arewa maso gabas sai da izininta. A watan Maris na shekarar kuma aka kashe sojojin Kamaru a Wulgo, daf da tafkin. To sojan da ya ga wannan, in aka kawo shi Dutsin-ma ya ji wannan ƙugin bisa kansa, ba zai tsaya tambayar giram nawa ba ne.

Sadik Ƙofar Ƙaura: Baba Alhaji na ji, kuma ban raina ba. Amma Katsina ba Barno ba ce.

Alhaji Ɗanbaga: Allah kada ya sa ta zama. Sai dai ka tambayi mutanen Safana da Batsari da Jibiya yadda suke kwana.

Maman Haidar: Tun ɗazu nake karantawa, kowa na maganar takarda da soja, ba wanda ya tambayi tsohuwar da ta faɗi. Nura, ka san halin da take ciki?

Ni 'yar ƙauye ce, a bakin ruwa na tashi. Macen da ta je wanki rafi ba ta cikin shirin a gan ta. Ɗaurin ƙirji ne, kai ba ɗankwali, wata ma wanka za ta yi in ta gama. Shi ya sa kowane gari ke da mashigar mata daban, kuma namiji mai mutunci ya san lokacin da ba a bi ta wurin. Wannan tsari ya girmi dam ɗin kansa. Yanzu ga abu ya zo ta sama, ba sallama, ba gyaran murya. Ba a bakin ruwa kaɗai ba. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, katanga ce sutura. Ranar wani biki a unguwarmu ina tsakar gida ina tankaɗe, na ɗaga kai na ga abin tsaye cak bisa bishiyar darbejiyarmu, jar fitilarsa na ƙiftawa. Na jawo hijabi daga igiya na shige ɗaki jikina na rawa. Har yau ban san hannun wa hoton ya shiga ba.

Kuma ku tuna abin da ke zuciyar mutanen karkara. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja mara matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Igabi ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Kowace uwa a ƙauye ta ji wannan a rediyo. Ba ta san bambancin na soja da na biki ba. Abin da ta sani, jirgi ne ba mutum ciki, kuma ya tsaya bisa kanta da ɗanta.

Nura Mai Kyamara: Wallahi Hajiya kin taɓa ni. Ban tambaya ba, hankalina na kan kayana. Yanzu zan kira shugaban manoman.

Malam Lawal: Allah ya saka da alheri Hajiya. Abin da kika faɗa yana da asali a addini. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama. A Hujurat, aya ta 12, an hana mu bin diddigin asirin juna. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce an sanya neman izini ne saboda gani. Ke nan illar ita ce ido, ko da ƙafa ba ta shiga ba. Kyamarar da ke sama idon mai riƙe da rimot ce. Ba na cewa na'urar haramun ce, hukuncinta na bin abin da aka kalla da ita. Sadik, ka ce Nura bai yi laifi ba. Bai yi da gangan ba, wannan gaskiya ne, amma akwai haƙƙin waɗannan bayin Allah a kansa, kuma neman afuwarsu ya fi karɓo kayan muhimmanci.

Barista Aminu: Allah ya gafarta Malam, dokar ƙasa ma ta zo nan. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin mutum da na gidansa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Takardar NCAA ba ta halatta ma kowa leƙa tsakar gidan wani ba.

Baban Ummi: Afuwan, Nura nawa buhun albasa a can bakin lambu?

Shugaban zaure: Baban Ummi, a bi shi ta akwatinsa don Allah, kada maganar ta watse.

Injiniya Kabir: Ni zan ɗan taɓa ɓangaren na'ura, saboda masu takarda da za su yi aiki bisa ruwa. Akwai ƙananan idanu a cikinsa da ke kallon ƙasa don ya san tsayinsa ya kuma tsaya wuri guda. Bisa ruwa suna ruɗewa, domin ruwa na ƙyalli kuma yana motsi. Sai ka ga yana zamewa ko yana sauka a hankali ba ka taɓa komai ba. Kada a yi ƙasa-ƙasa da shi bisa ruwa. Iskar tsakiyar dam kuma ta fi ta gaɓa ƙarfi, ba bishiya ba gini. In ka tafi iska na tura ka, dawowa da ita za ka yi kokawa, batirin da bai fi na rabin awa ba ya ƙare a hanya. Ka fara tafiya kana fuskantar iska, ka juyo batir na da rabi. In daga kwale-kwale ka tashe shi, ka sani inda ya tashi ya riƙe a matsayin gida. Sigina na yankewa can zai koma ya sauka, alhali jirginka ya matsa, ruwa kaɗai ya rage a wurin. Lokacin hunturu kuma hazo na ɓatar da shi daga ido tun bai yi nisa ba, ka karya sharaɗin gani ba ka sani ba. Sai shirwa. Ta kai ma nawa bara sau biyu a Ajiwa lokacin wani aikin awo, dole na sauke.

Ɗan Sarkin Ruwa: Gaisuwa daga Daura. Mahaifina ya yi shekaru yana riƙe da sarautar masunta a wani gari kusa da Dam ɗin Sabke, ni ma da gora da kalli na tashi kafin boko ta ɗauke ni. Barista ya ce mai unguwa ba shi da ikon ba da izini. Na yarda, a takarda haka ne. Amma wanda ke zaune Abuja bai san ina ne mashayar shanu ba, bai san ƙarfe nawa Fulani ke gangarowa ba, bai san kwanar da mata ke wanki ba. Sarkin ruwa ya sani, mai unguwa ya sani. Da Nura ya tsaya zaure minti goma, da an ce mashi bari sai bayan azahar, ko a tura yaro ya gaya ma matan, ƙila ma su tsaya kallo suna murna.

Na ga garken shanu ya watse saboda wannan ƙarar, kamar taron ƙudan zuma take a kunnensu. Suka afka lambun wani bawan Allah suka tattake tumatir, aka kwana uku ana sulhu, mai diron kuwa ya daɗe da komawa birni. Tsuntsaye ma haka. Lokacin sanyi kirinjijiya da ɗinya na cika bakin ruwa, ga baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su huta a fadamunmu, irin waɗanda suka sa aka san dausayin Haɗeja da Nguru a duniya. Sun ɗauka shaho ne, sai su tashi gaba ɗaya. Mai kwanci ta bar ƙwai a rana.

Ba ƙin abin nake ba. Duk damina sai ruwa ya ci yaro, mu wuni muna lalube da ƙugiya da gora, uwa na zaune a gaɓa. Na sha cewa a raina da akwai mai diron a kusa da ya duba mana bakin ciyayi cikin minti kaɗan. Ina son ranar da kowane babban dam zai samu mutum guda mai takarda, wanda gari ya san fuskarsa.

Sadik Ƙofar Ƙaura: To ai maganata ke nan, Yaya! Abin na da amfani. A Kaduna tun 2022 kamfanin Zipline ke kai magani da jini asibitocin karkara da jirgi mara matuƙi. Babban kamfani ya samu hanya, ƙaramin mutum fa? Na janye cewa Nura bai yi kuskure ba, Hajiya da Malam sun gamsar da ni. Amma ina nan kan bakana cewa dokar da mutum ɗari ke karyawa kullum a bainar jama'a tana buƙatar gyara. A kawo rajistar kusa, a yi mana jarrabawa a nan Katsina, a ba mu kati mai lamba, a manna lambar jikin na'urar. Wanda ya leƙa gidan mutane a kama shi da lambarsa.

Barista Aminu: Nan kam ba mu da saɓani. Ku da ke sana'ar ku haɗu ku rubuta, murya ɗaya ba ta isa Abuja. Akwai masu haɗuwa ƙarƙashin kamfani guda mai izini su yi aiki da sunansa, wannan ma hanya ce da ta fi sauƙi a kan kowa ya nemi nasa. Amma kafin a gyara, dokar da ke ƙasa ita ce doka, kuma ba zan ce ma kowa ya tashi ba takarda ba.

Maman Haidar: A sa mata cikin masu rubutawar. Mu ake ɗauka.

Nura Mai Kyamara: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani. Jiya muka koma da kawuna da shugaban manoman. Tsohuwar ta gurɗe a gwiwa, an yi mata ɗori, tana takawa da sanda. Aka yi mana iso muka tsaya daga zaure, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ita ta ɗauka ƙarshenta ne ya zo, kalmar shahada kawai take ta yi. Ta yafe. Zane biyu ruwa ya tafi da su, kawu ya biya, na ƙara da kuɗin magani.

A gaban mai unguwa na buɗe bidiyon, na kawar da kaina, matarsa ta duba ta nuna inda matan suka fito, na goge shi gaba ɗaya har daga katin. Sannan ya miƙo mani jakar. Aikin manoman kuma mun yi shi da waya. Na hau tudun da ke bayan lambunan na ɗauko filin, yara suka ja igiyar awo daga bakin ruwa zuwa kunyar farko ina biye da su. Ya nuna abin da ake so.

Diron na cikin jaka, ba zan tashe shi ba sai na san matsayina. Yaya Barista, me zan kawo maka?

Barista Aminu: Rasit ɗin saye, lambar da ke jikin na'urar, da katin ɗan ƙasa. Ka tambayi mai shagon ko yana da takardar shigo da kayan, don za a nema. Ka same ni ofis ranar Alhamis bayan la'asar.

Sadik Ƙofar Ƙaura: Nura ka biyo ta Ƙofar Ƙaura ka ɗauke ni, zan zo da nawa rasit ɗin.